Cibiya Biyu a Gwangwani Ɗaya

Bedok, Singapura
Farkon Fabrairu

Ƙanena Kamsani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da tukwanen jirginka da bayin Allahn da aka jarrabta da cin girkinka a tsakiyar teku. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani. Shekaranjiya na buga wa matarka Normala waya a Johor, ita da yaran huɗu duk ƙalau. Da gangan na rubuta "ƙanena", don na san yana maka ciwo. Wata biyun da na ba ka ba kwana biyu ba ne, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Mun kai Mak Su gidan kula da tsofaffi. Na san abin da za ka ce, na riga na faɗa wa kaina har na gaji. Kai uwarka ce, ni ƙanwar uwata ce, ba wanda ya so haka a cikinmu. Amma tun da ɓarin jikinta ya shanye sai mutum biyu ke iya ɗaga ta, ni kuwa ɗaya ce, ɗayar ma mai gwiwa guda. Likita ya ce ba zai sallame ta zuwa gidan da ba kowa ba. Ranar da za mu tafi na yi ta kuka a tasi har direban ya rage rediyo.

To, asarar hawaye na yi. Kamsani, tsohuwar nan sarauta ta samu. Cin abincinta na farko a gidan ta ɗanɗana sambal ɗinsu, miyar barkonon nan, ta mayar da shi kicin, ta ce a tambayi wanda ya yi ko barkono ya taɓa yi masa laifi. Mai girkin ya fito da kansa zai yi faɗa, ya ɓuge da neman shawara. Yanzu duk Laraba ana tura kekenta bakin ƙofar kicin, a miƙo mata cokali, ta lumshe ido ta yanke hukunci. Gadon da ke kusa da nata na wata tsohuwa Basiniya ce, Nyonya Gek, wadda ashe ita ma a unguwar Geylang ta tashi. Tun safe suke faɗa a kan fanka, wannan ta ce a kunna, waccan ta ce a kashe, da la'asar kuma su haɗa kai su yi karta a kan biskit. Mak Su na yin coge, na gani da idona. Har kumatu ta yi. Ta ce min tun rasuwar mijinta Pak Su take magana da talabijin, sai yanzu ta samu mai mayar mata da amsa. Rabon da in ji dariyarta irin wannan har na manta, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗi ya cika ni.

Ɗan kabad guda suka ba ta. Na kawo mata sarƙarta da hoton aurensu, ta ce in mayar. Abin da ta kafe a kai shi ne wani tsohon gwangwanin taba na Pak Su, duk ya yi tsatsa. Na kai hannu zan buɗe ta make ni da hannunta mai lafiya. Ko me ke ciki, oho.

Takardar ta kusa cika, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kuɗin gidan na da nauyi, tallafin da gwamnati ta yanka mata kuma kaɗan ne. Ajiyarta za ta kai mu ƙaramar Sallah, daga nan sai dai mu fitar da ita, ban kuma san inda za mu kai ta ba. Jami'ar da ke kula da lamarinta, wata yarinya mai kirki Vasanthi, ta ce matsalar daga katin shaidarka take, don har yau adireshin Mak Su ne a kai. Saboda haka da zarar ka sauko ka je ka cire sunanka daga gidan. Jumaat, ɗan wan Pak Su, ya zo ya taya ni kwashe kaya, shi ma ya ce tuntuni ya kamata a yi hakan.

Ka rage gishiri a girki. Ka gaida teku.

Yayarka ko ka ƙi ko ka so,
Salbiah

Suva, Fiji
Tsakiyar Maris

Zuwa ga Hajiya Salbiah binti Sukiman,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya a tashar nan. Na gode wa Allah da Mak ta samu sauƙi, na kuma gode da ɗawainiyarki. Allah ya ba gwiwarki lafiya.

Na karanta abin da kuka yanke ke da Jumaat. Na karanta a kicin, na fita bene na sake karantawa, ko iska za ta canza min shi.

Ba sai na tuna miki ko ni wane ne ba. Jinjiri ne ni ɗan kwana uku lokacin da wata Basiniya mai sayar da ganye a kasuwa, wadda 'ya'ya suka yi wa yawa, ta miƙa ni ga Mak a cikin tawul. Ba alƙali, ba takarda, ba sa hannu. A zamanin haka ake yi. Mak ba ta taɓa haihuwa ba, shi ya sa ta kai ni wurin yayarta, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta shayar da ni tare da ke. Duk wannan a bakin mutane yake, mutanen kuma sun kusa ƙarewa.

Ranar da muka binne Pak Su, ƙasar kabarinsa ba ta bar hannuna ba Jumaat ya ja ni gefe, a gaban mutane, ya ce in sani ɗan riƙo ba ya gado. Ni ban tambayi gado ba. Ban tambaya ran nan ba, yau ma ban tambaya ba. In gidan ake so a sayar, a sayar, ko cokali ba na so. Amma katin nan shi kaɗai ne takarda a duk duniya da ta haɗa ni da Mak a ƙofa ɗaya. Duk tashar da na sauka aka ce ina ne gidanka, shi nake nunawa. Na yi aure a Johor, na haifi 'ya'ya a can, ban taɓa canzawa ba, kuma kin san ba mantuwa ba ce. Daga Jumaat ban yi mamaki ba. Daga ke ne abin ya yi min zafi.

Ba zan cire ba. In kuɗi ne matsalar, na yi magana da kyaftin, zan ƙara kwantiragi har ƙarshen shekara, in turo duk albashin. Wannan na nufin ba zan zo Sallah ba. Ki gaya wa Mak aiki ne ya riƙe ni.

Ki gaishe ta. Ki ce ta daina coge a karta.

Kamsani

Bedok
Ƙarshen Maris

Kai Kamsani,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, Mak Su lafiya, gwiwa na nan yadda ka san ta. Gaisuwar ke nan, ba za ka samu fiye da haka ba yau.

"Hajiya Salbiah binti Sukiman"? Ni ka rubuta wa ko manajan banki? Ni da na goya ka ina kai ɗaya da kai har muka faɗa kwata tare? Wallahi da kana kusa da sai na kwaɗa maka ludayi. Shekara hamsin da biyar, furfura har a gira, amma ka karanta takarda mai shafi biyu ba ka ga komai ba sai sunan Jumaat.

Na yarda da laifina guda, na taƙaita inda bai kamata ba, don takarda ta ƙare min a kan labarin sambal. Yanzu ga sabuwa fil, buɗe kunnenka. Su mutanen gwamnati ba sa tambayar wa ya haifi wa, ko wa ya raini wa. Abin da suke dubawa shi ne su wa ke zaune a gida ɗaya, bisa abin da ke kan katin kowa. Sai su tara abin da mutanen gidan ke samu su raba da yawansu. In rabon ya yi kauri tallafi ya yi siriri. A wurinsu gidan Mak Su mutum biyu ne, kai da ita, sai suka raba albashinka biyu, ta fito a matsayin tsohuwa mai hali. Normala da yara huɗu da ke cin albashin nan a hayin gada, can Johor, takarda ba ta san da su ba. In ka rubuta inda kake zaune da gaske, Mak Su za ta koma yadda take, tsohuwa ita kaɗai a ƙaramin gida ba ta da abin shiga, a ba ta kaso mafi girma. Sauran ni da kai mu raba, ba zai karya kowa ba. Ba wayo ba ne, ba cuta ba ce. Vasanthi ma cewa ta yi tun ranar da ka tare a Johor doka ta so ka canza.

Jumaat kuwa kabad ya zo ɗauka min, bayansa ya riƙe, sai da na biya masa tasi. Ba wanda ya yi maganar sayar da gida. Ra'ayinsa ya faɗa kamar yadda yake faɗar ra'ayi a kan ruwan sama da farashin kifi, ni kuma wautata ta sa na rubuta maka. Abin da ya yi maka a maƙabarta ban manta ba. Ka manta wace ce ta hana shi shinkafar sadaka ran nan?

Batun ƙara kwantiragi kuma, ko ka turo albashin duka ba zai kai ba, na zauna na duba. Yaranka kuma su ci me, iskar teku? Ga Mak Su ta sa na yanko maka yadin Sallah, kore, kalar da ta zaɓar wa dangi bana. Kullum sai ta tambayi ma'aikatan ko an ga jirgi. Ni ba zan kai mata ƙaryarka ba, in kana so ka zo ka faɗa da bakinka.

Na yi fushi, amma na fi jin tausayinka. Ban san abin nan na cinka haka ba duk shekarun nan. Ka amsa min da wuri.

Kak Salbiah ɗinka, wato yayarka, ba Hajiyar kowa ba

Bedok
Ƙarshen Sha'aban

Kamsani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, don shirunka ya fara ba ni tsoro. Na je ofishin kamfaninku, suka ce jirgin na can yana shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku, ba zai ga tasha ba sai an gama. Na yarda da su da rana, amma raina na ce min fushi ne. Mu lafiya. 'Yata Suriani da ke aure a Melaka cikinta ya tsufa, ana sa ran haihuwa wajen Sallah, ka sa ta a addu'a.

Asiri ya tonu. Ka san ba a ɓoye wa Mak Su komai. Ranar Lahadi na je ina tsefe mata kai, ta ce hannuna ya yi nauyi, da wa nake faɗa. Na ce ba kowa. Ta ce rabon da in yi mata gulmarka ya kai wata, kuma ni ba na barin gulmarka sai in mun ɓata. Nyonya Gek daga gadonta ta ce gaskiya ne, ita ma ta lura. Sai na faɗa mata komai, har maganar kati, har cewa ba za ka zo ba.

Na ɗauka za ta yi kuka. Ko kusa. Ta ce in buɗe kabad in ɗauko gwangwanin nan, in kuma samo ruwa a kofi. Ta sa ni na buɗe mata. A ciki akwai wani ɗan ƙullin farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa, an ɗaure da baƙin zare. Ta warware da haƙori da hannu guda. Wasu abubuwa biyu ne baƙaƙe, busassu, kamar guntun kilishi, an ɗaure su tare.

Na ce mene ne wannan. Ta ce:

"Wannan taki ce, wannan tasa. Da cibiyarsa aka kawo min shi, a tafin hannuna ta faɗi. Uwarki ta ɗauko taki da ta ajiye, muka haɗa muka ɗaure, don kada ku rabu. Da za ta rasu ta ba ni ajiya."

Kamsani, na san tsofaffinmu na ajiye cibiyar 'yan uwa wuri guda, in sun yi faɗa a jiƙa a ba su ruwan su sha. Na ɗauka labari ne irin na da. Ban san muna da namu gwangwanin ba. Kafin in farga ta tsoma ƙullin a kofi tana motsawa da yatsa. Na ce mata ustaz ya ce irin wannan camfi ne. Ta ce ustaz ɗin ma a binciki kabad ɗin uwarsa. Na ce abin ya shekara hamsin da biyar, zai kashe ni. Ta ce ai wannan ne karo na uku, na sha ranar da na fasa maka kai da marfin tukunya, na sha ranar da ka yanke wa 'yar tsanata gashi, a shayi ta zuba mana, kuma ga ni ban mutu ba. Ta ce ba za ta bari mu shiga azumi da gaba ba.

Ɗakin duk aka zuba min ido. Nyonya Gek na tafi da hannu tana cewa in shanye, in shanye. Na yi bismilla na rufe ido na sha rabi. Ɗanɗanon tsatsa ne da tsohon kabad, in kana son sani. Ina ajiye kofin sai hawaye, ban san daga ina ba. Mak Su ta ce in bar kukan, magani ne ke aiki.

Rabin naka ne. Ma'aikaciyar ɗakin ta so zubarwa, aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe suka shirya a kan a juye a roba a sa a firiza. Yana can yanzu ya zama ƙanƙara, kusa da kifin mutane, an manna sunanka a jiki. Ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa: "Ki ce wa wannan yaron ruwansa na jiransa, kuma firizar ba ta ubansa ba ce, ya zo ya ɗauke."

Ban roƙe ka komai a kan kati yau ba. Ka yafe min abin da na yi maka, na yafe maka, Allah ya kai mu azumi lafiya.

Kak Salbiah

Darwin, Ostireliya
Tsakiyar azumi

Kak,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Ina lafiya, azumi na tafiya, sai dai mai azumi da ke dafa wa marasa azumi talatin abinci yana buƙatar addu'a. Allah ya sauki Suriani lafiya.

Ba fushi ba ne, ko in ce ba fushi kaɗai ba ne. Takardunki biyu tare wakilin kamfani ya miƙo min su jiya da muka shigo tasha, kuma ta biyun na fara buɗewa. Ki yi tunanin mutum na tsaye da albasa a hannu yana karanta cewa an sa masa ruwan cibiya a firiza, bai san abin da ya jawo ba. Na yi dariya har na zauna a kan buhun shinkafa, daga nan kuma abin ya juye. Mataimakin kyaftin ya leƙo ya tambaya, na ce albasa ce.

Da na buɗe ta farkon na sha zagi, na kuma ci na ƙoshi. Kin yi gaskiya. Sunan Jumaat na gani idona ya rufe. Ki yafe min "Hajiya". Amma ki sani, shayin ranar 'yar tsana na tuna shi, na ce miki yana wari kika ce ƙarya nake.

Ban taɓa sanin da cibiyata aka kawo ni ba. Ban san akwai abin da na zo da shi duniya da har yanzu yake hannun Mak ba. Tun jiya nake juya wannan a raina.

Na je wurin kyaftin na janye maganar ƙarin kwantiragi. Ya ce dama bai kai ta ofis ba, don ya ga fuskata ranar. Zan sauka kafin Sallah. Batun kati zan yi, amma ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Ina so in fara nuna wa Mak tukuna. Ki ce wa tela kada ya matse rigar, na ƙara ciki.

Ƙaninki da wata biyu kacal,
Kamsani

Pasir Gudang, Johor
Bayan Sallah

Kak Salbiah, sabuwar kaka,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, barka da arziki. Normala ta nuna min hoton jaririyar, hancinki ne sak, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Ina fata Suriani na samun ƙarfi, ke kuma kina barin ungozoma ta yi aikinta. Mu nan lafiya. Wannan jika taki ta iya zaɓen lokaci, na ƙetaro teku don in gan ki, ita kuma ta janye ki Melaka ana gobe zan sauka. Tunda ba ki nan, ga abin da kika rasa, kuma na san in na faɗa a waya za ki katse ni.

Ranar Sallah muka je dukanmu cikin kore, ni da Normala da yaran. Gidan ya cika da baƙi. Na tarar da Mak a bakin ƙofar kicin tana duba naman rendang, mai girkin na tsaye gabanta kamar ɗalibi. Ta ɗago ta gan ni, abin da ta fara cewa shi ne na yi ƙiba. Na durƙusa na kama hannunta na nemi gafara, ta shafa kaina ta ce sai na sha tukuna.

Aka kawo robar. Ba ta gama narkewa ba, sai Mak ta sa aka jefa ƙanƙarar a kofin jan lemon sirop, ta ce ni baƙo ne, a yi min gata. Ki lura, ke tsura kika sha, ni da zaƙi. Nyonya Gek ta ƙare min kallo ta ce wannan ai ɗanmu ne, dubi idonsa. Mak ta ce ido nasu ne, amma ciki nata ne, ita ta cika shi. Suka kama faɗa, ni kuma na shanye. Yarana sun ce ba za su ƙara shan abu daga hannun kakarsu ba.

Bayan hutun Sallah na je na canza adireshin. Abin bai ɗauki lokacin shan shayi ba, wata 'yar takarda aka manna a bayan katin. Na tsaya a bakin ofishin ina kallonta. Na kai wa Vasanthi, ta sake shigar da neman tallafin, shekaranjiya kuma ta bugo ta ce an amince, an ba Mak kaso mafi girma. Gadonta ya tabbata, kusa da fanka da abokiyar faɗanta. Abin da ya rage mana ni da ke ba shi da yawa, in kin dawo ma zauna.

Amma ba wannan na so in ba ki labari ba. Na ce zan fara nuna wa Mak kafin in canza, ban iya ba, sai bayan an gama na je. Na same ta ita kaɗai, an kai Nyonya Gek motsa jiki. Na ciro katin na ɗora a tafin hannunta, na ce Mak, ki yafe min, na cire sunana daga gidanki. Ta juya katin gaba, ta juya baya, ta riƙe shi a juye, sama a ƙasa. Sai a lokacin na tuna, Kak. Mak ba ta taɓa shiga aji ba. Duk shekarun da na yi ina riƙe da rubutun nan kamar raina, ita ko sau ɗaya ba ta san abin da ke jiki ba.

Ta ce hoton bai yi kyau ba, na yi kama da ɓarawon kaji. Na yi mata bayani a hankali, cewa layin nan shi ne ke nuna ni ɗan gidanta ne, shi ya sa na ƙi taɓa shi. Ta kalle ni, ta miƙo min katin ta ce:

"Ashe takarda ce ta riƙe ka duk shekarun nan? Ni na ɗauka ni ce."

Na kifa kaina a cinyarta, ƙato da ni, har aka dawo da Nyonya Gek ta tambaya ko wani ya mutu. Mak ta ce ba wanda ya mutu, yaro ne ake yayewa.

Ga saƙonta gare ki. Ta ce in cibiyar jaririyar ta faɗi kada ki bari a yar, ki ƙulle ki taho da ita. Normala ta ce ashe ita ma ta ajiye na yaranmu huɗu a cikin akwatin ɗinki, ban sani ba. Mak ta ce duk a kawo, akwai sauran wuri a gwangwani. Ki yi sauri ki dawo, jirgina sai wata mai zuwa, kuma na yi alkawarin yi wa gidan girki ranar Laraba. Ina so ki zo ki ga yadda za ta mayar da sambal ɗina kicin.

Naki, wanda aka ɗaure da ke da baƙin zare,
Kamsani